Shekara 20 da duhun hantsi a Gusau: wace rana za mu sa a kalandar yara?

Malamin_Fiziks
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina koyar da fiziks a wata sakandare nan Gusau, ni ne kuma aka ɗora wa ƙungiyar ɗaliban kimiyya. Makon jiya na ce kowane yaro ya nemo mini rana ɗaya ta tarihin kimiyya ko lissafi ko fasaha, mu haɗa kalanda mu manna a allon sanarwa. Suka dawo da abin da intanet ta ba su: tashin jirgin sama na farko a Amurka ran 17 ga Disamba 1903, harba tauraron ɗan'adam Sputnik ran 4 ga Oktoba 1957, sauka a kan wata ran 20 ga Yuli 1969. Babu ƙarya a ciki, sai dai duk a ƙasar wasu aka yi. Na ce to wa ya san abin da ya faru a garin nan ran 29 ga Maris 2006? Aji ya yi tsit. Da na lissafa sai na ga ba laifinsu ba ne, babban cikinsu ma ba a haife shi ba a lokacin.

Ranar ce rana ta yi cikakken kusufi, Gusau ta yi duhu da hantsi. Ƙarshen watan nan shekara 20 ke nan. Abu biyu nake nema: wanda ya gani da idonsa ya ba mu labari in karanta wa yara, sannan ku gaya mini ranar da kuke ganin ta cancanci shiga kalandar nan, tamu ce ko ta waje.

Uwar_Biyu
Wa alaikumus salam Malam. Wai har shekara 20? Lallai tsufa ba ya sallama. Laraba ce, ba na mantawa, an hana mu zuwa makaranta. Abin da ya tsaya mini a rai kajin Innarmu. Suka kama hanyar akurki ɗaya bayan ɗaya kamar magariba ta yi, da haske ya dawo kuwa zakara ya rangaɗa cara. Kakarmu ta tattara mu ɗaki ta rufe tana ta salati, ni kuma na leƙa ta kafar taga na hango tauraro guda mai haske sosai. Na sha ranƙwashi a kan leƙen nan.

Malamin_Fiziks
@Uwar_Biyu Hajiya, ranƙwashin bai tafi a banza ba. Zara kika gani, matar wata. Tana nan sama da rana ma, hasken rana ne ke ɓoye ta.

Bakabe_Na_Asali
Mu a Birnin Kebbi ba mu ga wannan duhun da kuke faɗi ba. Haske ya dai yi rauni kamar hazo ya taso, gari ya ɗan yi sanyi, shi ke nan. Ko dai Zamfarawa kun ƙara wa miyar gishiri?

Malamin_Fiziks
@Bakabe_Na_Asali Yallaɓai ba gishiri ko ƙwaya. Inuwar wata da ke sauka a ƙasa siririya ce, faɗinta ranar bai kai kilomita 200 ba. Ta faro daga gabashin Birazil, ta tsallako teku, ta shigo Gana, Togo, Binin, ta ratsa Nijeriya ta kan Shaki da Gusau da Katsina, ta wuce Nijar, Cadi, Libiya, Turkiyya, har Mongoliya. Wanda ke cikin layin ya ga duhu sosai, mu nan minti uku da wani abu. Wanda ke gefe, irin ku, wani yanki na rana ne kawai ya rufe masa, kuma ɗan abin da ya rage na rana ya isa ya haskaka gari.

Baba_Na_Tasha
Malam, Allah shi yi ma albarka da ka tuno muna wagga rana. Ni ina bakin tasha zaune ƙarƙashin dogon yaro tare da abokai. Tun kahin duhu shi zo munka lura da wani abu a ƙasa: hasken da ke ratso ganye, wanda kullum shina zuwa ƙawanya-ƙawanya, duk ya koma siffar jinjirin wata. Ɗaruruwa, a kan tabarma, a kan rigunanmu. Wani cikinmu ya tashi ya kakkaɓe riga. Daga nan anka yi kiran salla ko'ina, munka nuhi masallaci. Na yi shekara saba'in da huɗu, ban ga abin da ya girgiza ni kamar wanga ba.

Nas_Mai_Allura
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Abin da kuka gani a ƙasa shi ne hanyar kallo mafi aminci, ba tare da kun sani ba. Malam, don Allah in za ka koya wa yara, ka fara da wannan: ba a kallon rana kai tsaye ko da ta kusa rufewa. Ranar wasu suka sa ruwa a baho suna kallo, wasu tsohon fim ɗin hoton ƙirji, wasu baƙin gilashin gayu. Duk ba sa karewa. Bayan ido ba shi da jijiyar jin zafi, yana ƙonewa mutum bai ji komai ba, sai daga baya ya ga ɗigon duhu a tsakiyar ganinsa. A ɗauki matsamin ƙosai a riƙe a rana, a kalli inuwarsa a ƙasa, kowace huda za ta nuna siffar rana.

Almajirin_Gwandu
Allah ya gafarta Malam, ina da ɗan gyara a kan niyya. Kusufi aya ce ta tsoratarwa, ba abin shagali ba. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu rana ta yi kusufi, mutane suka ce don mutuwarsa ne. Annabi ya gyara musu, ya ce rana da wata ayoyi ne daga ayoyin Allah, ba sa kusufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, in an gani a tashi a yi salla da addu'a. Kada yaranmu su taso suna ganin abin kamar wasan wuta ne.

Malamin_Fiziks
@Almajirin_Gwandu Na karɓa, kuma ba biki na ce ba, tunawa na ce. Ni hadisin nan ma da shi nake buɗe darasin, domin shi ne ya fara raba kusufi da camfi. A Suratur Rahman kuma an ce rana da wata da lissafi suke tafiya. Lissafin nan nake son yara su taɓa da hannunsu. Rana ta ninka wata wajen sau 400 a faɗi, kuma ta ninka shi wajen sau 400 a nisa, shi ya sa daga nan muke ganinsu kusan kai ɗaya, har ƙaramin ya iya rufe babban. Wanda ya fahimci wannan ban ga yadda tsoron Allah zai ragu a zuciyarsa ba.

Almajirin_Gwandu
To madalla. Amma tunda lissafi ake yi, Malam ka makara. Kusufin ya faɗo ne ƙarshen Safar 1427. Da kalandarmu shekara 20 ta cika tun Safar 1447, wato tun daminar bara.

Uwar_Biyu
Hahaha, an kama Malam da nasa makamin.

Malamin_Fiziks
Na sallama. Wannan ma darasi ne: shekarar wata kwana 354 ce, ta rana 365, ratar kwana 11 ta taru cikin shekara 20 ta zama wata bakwai da 'yan kwanaki. Ku lura kuma ba banza ya faɗo ƙarshen wata ba. Kusufin rana ba ya yiwuwa sai wata ya shiga tsakaninmu da rana, wato 28 ko 29 ga wata. Na wata kuma sai daren sha huɗu ko sha biyar.

Sarkin_Shakka
In haka ne me ya sa ba a yi duk ƙarshen wata? Kuma ni maganar wai sun san ranar tun kafin ta zo, ban cika yarda ba. Bayan abu ya faru kowa ma malami ne.

Dalibar_Lissafi
@Sarkin_Shakka Yaya, hanyar da wata ke bi ta karkace da wajen digiri 5 daga hanyar da duniya ke bi, don haka yawancin watanni inuwar ta sama ko ta ƙasa take wucewa, ba ta same mu. Batun sani kafin ya faru kuwa, rediyo ta yi ta sanarwa kafin ranar, shi ya sa aka hana su Anti Uwar_Biyu zuwa makaranta. Tun zamanin mutanen Babila aka gano kusufi na maimaita kansa bayan shekara 18 da kwana 11 da awa 8. Ɗauki na Gusau ka ƙara masa wannan, za ka faɗa kan wanda aka yi ran 8 ga Afrilu 2024 a Meziko da Amurka da Kanada. Ɗan gidansu ɗaya ne. Awa 8 ɗin nan ce ta sa duniya ta ƙara juyawa sulusi, inuwar ta sauka can yamma maimakon nan.

Sarkin_Shakka
Tsaya ƙanwata. 29 ga Maris a ƙara kwana 11, 9 ga Afrilu ke nan, ba 8 ba. Kin ga irin abin da nake faɗi.

Dalibar_Lissafi
Ka yi gaskiya Yaya, kuma na ji daɗi da ka ƙirga. Ainihin adadin kwana 6,585 ne da sulusi. In shekarun da Fabrairu ke yin 29 guda huɗu ne a tsakani, ragowar kwana 11 ce. In biyar ne, 10. Ƙirga: 2008, 2012, 2016, 2020, 2024. Biyar. In har yanzu da sauran shakka, ajiye wannan: ran 2 ga Agusta 2027 cikakken kusufi zai ratsa Masar, ya bi ta kan Jidda da Makka. Namu na gaba a Nijeriya kuma 20 ga Maris 2034, ta kudu, wajen Legas. Ka rubuta a bangon ɗaki.

Sarkin_Shakka
Na rubuta. Allah ya kai mu. Amma zuwa wata dai Malam kada ka sa wa yara. Fim ne.

Injiniya_Yauri
Kullum sai an zo nan. Mutum 12 suka taka wata tsakanin 1969 da 1972, a tafiya shida, suka kwaso duwatsu da ƙasa kilo 382 waɗanda masana na ƙasashe da yawa suka bincika. Sun bar madubai a can, har yau ana harba musu haske daga ƙasa yana dawowa, da shi ake auna nisan wata. Tarayyar Sobiyat, babbar kishiyarsu a lokacin, tana da na'urorin bin sawu, da ƙarya ce da ita za ta fara tona asiri. Abin da mutane ba su sani ba ma, farkon shekarun 1960 hukumar NASA tana da tashar bin sawun kumbo a Kano, lokacin shirin Mercury. Da John Glenn ya kewaya duniya ran 20 ga Fabrairu 1962, Kano na cikin tashoshin da ke bibiyarsa. Malam, ga rana nan ta waje mai ƙafa ɗaya a gida.

Malamin_Fiziks
Wannan ta shiga kalanda, Injiniya. Na gode.

Data_Mai_Rahusa
Masu buƙatar data da katin waya a farashi mai sauƙi ku yi mini magana ta gefe.

Mai_Kula_Da_Zaure
@Data_Mai_Rahusa gargaɗi na ƙarshe. Talla ranar Asabar kawai.

Bakabe_Na_Asali
Ku bar shi, ya tuna mini wata rana. Agustan 2001 aka fara wayar salula a ƙasar nan, bana shekara 25. Wannan ta fi taɓa rayuwar talaka a kan duk kumbunan da kuke lissafi. Layina na farko kuɗinsa ya fi albashina na wata, kuma sai na hau tudu kafin in samu sabis. Kafin nan in kana son magana da ɗan'uwa a Legas, wasiƙa za ka ba direban mota, ko kaset ka ɗauki murya.

Almajirin_Gwandu
Tunda ana neman namu, ina mamakin yadda ba wanda ya ambaci Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Kashinawi. Bakatsine ne, masanin lissafi da falaki. Ya tafi aikin hajji, ya zauna Alƙahira a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar, a can ya rasu a 1741. A 1732 ya yi rubutu da Larabci kan yadda ake gina hatimi mai gidaje mara, uku-uku, biyar-biyar, bakwai-bakwai. Turawan da ke rubuta tarihin lissafin Afirka suna kawo sunansa, mu kuma ɗalibanmu ba su taɓa ji ba.

Sarkin_Shakka
Hatimi kuma? Yanzu tsibbu za mu kai aji?

Dalibar_Lissafi
Yaya, abin da mutum ya yi da hatimi daban, ginin hatimin daban. Duba:

4 9 2
3 5 7
8 1 6

Tara kowane layi, a kwance, a tsaye, ko a karkace, 15 za ka samu. Mai gida biyar-biyar, lambobi 1 zuwa 25, kowane layi 65. Akwai ƙa'idar da ke ba ka wannan jimla tun kafin ka rubuta lamba ɗaya, akwai kuma tsarin tafiya daga gida zuwa gida wanda in ka bi shi ba ka kuskure. Wannan tsarin mataki-mataki shi ne abin da masu kwamfuta ke kira algoridim, kalmar da ita kanta daga sunan al-Khawarizmi ta fito, wanda ya rubuta littafin aljabara a Bagadaza wajen shekara ta 820. Ni sai a jami'a na san akwai alaƙa tsakanin abin da na gani a allon kakana da abin da ake koya mana, kuma abin ya ba ni haushi ƙwarai.

Almajirin_Gwandu
Ni ma ɓangaren lissafin nake nufi. Ɗayan ɓangaren malamai sun yi magana a kai, ba nan ne wurinta ba.

Malamin_Fiziks
Matsalar al-Kashinawi a kalanda ita ce shekara muke da ita, ba rana ba. Zan ba shi 14 ga Maris, tunda UNESCO ta ayyana ta ranar lissafi ta duniya a 2019.

Injiniya_Yauri
Ita ma 14 ga Maris ɗin aro ce. Amurkawa ke fara rubuta wata kafin rana, 3 sannan 14, ya ba su 3.14 na fai (pi), wato yawan ninkin faɗin da'ira da ke cikin kewayenta. Mu da muke fara rubuta rana, 22 ga Yuli ce tamu, 22/7, kuma ta fi 3.14 kusa da gaskiya da ɗan kaɗan. In kana son yara su gane fai, kai su wurin mai haƙar rijiya ko mai ginin rumbu. Ya san in bakin rijiya taku kaza ne, igiyar da za ta kewaye shi ninki uku ce da ɗan ɗori. Ɗan ɗorin nan ne al-Kashi ya bi a Samarƙand a 1424 har gida 16 bayan ɗigo, ba kwamfuta ba kalkuleta.

Baba_Na_Tasha
Ku yi mini uzuri, ni tsohon ma'aikacin reluwe ne, dole in ja ruwa zuwa gonata. A 1929 layin dogo daga Zariya, wanda ya biyo ta Gusau, ya isa Ƙauran Namoda, saura shekara uku ya cika ɗari. Gyaɗa da auduga sunka kawo shi, ba don son mu ba, amma shi ya tada Gusau daga ƙaramin gari. In Allah ya kai mu 2029, a kai yara su ga inda dogo ya ƙare a Ƙaura, a gwada musu yadda tururi ke tura ƙarhe. Da yawansu ba su taɓa jin kukan jirgi ba.

Injiniya_Yauri
Baba, in aka sa dogo sai a sa madatsar Kainji, an kammala ta a 1968. Amma a faɗa wa yara duka labarin. Ta ba ƙasa lantarki, ta kuma cinye tsohuwar Bussa da tsibirai da ƙauyukan bakin ruwa na ƙasar Yawuri, aka tashi dubban mutane zuwa sababbin matsugunai. Kakata har ta rasu tana nuna tsakiyar ruwa tana cewa can ne gidansu.

Nas_Mai_Allura
Ni in rana ɗaya tak za a ba ni, 8 ga Mayu 1980 zan zaɓa, ranar da taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya tabbatar an kawar da agana daga doron ƙasa. Ku tambayi tsofaffi abin da agana ta yi a ƙasar Hausa: makanta, zanzana a fuska, yara rututu. Mutum na ƙarshe da ya ɗauke ta a cikin jama'a wani mai dafa abinci ne a asibitin garin Marka na Somaliya, a Oktoban 1977, kuma ya warke. Dabarar da ta gama da ita, wato a nemo mai ciwon a yi wa duk na kewaye da shi lamba maimakon a jira sai an yi wa kowa, a Nijeriya aka gwada ta, yankin Ogoja, ƙarshen 1966, lokacin da allurar ta yi wa likita William Foege da abokan aikinsa ƙaranci. Sai kuma 25 ga Agusta 2020, da aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji. Mu da muka sha zagi a ƙofofin gidaje mun san abin da ranar nan ta ci.

Uwar_Biyu
Anti Nas, ke nan tabon da ke damtsena na agana ne?

Nas_Mai_Allura
A'a ƙanwata, ke yarinya ce. Naki na rigakafin tarin fuka ne da ake yi wa jarirai. Na su Baba ne na agana.

Baba_Na_Tasha
Shina nan kuwa, hannun hagu. Layi munka yi a ƙofar hakimi, anka harba muna da wata na'ura kamar bindiga.

Dan_Anka
Tun ɗazu nake karantawa ban ce komai ba. Malam, akwai Maris ɗin da ya fi na 2006 nauyi a wurinmu, shi ne Maris 2010. Lokacin ne likitocin MSF, na-gari na-kowa, suka gano yara na mutuwa ba ƙaƙƙautawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Mu muna cewa iska ce, wasu na cewa sanƙarau ko zazzaɓi mai tsanani. Yaro na wasa, sai amai, sai taune-taune da sanƙarewa, kwana biyu an kai shi. Ɗan yayata na cikinsu, shekararsa uku. Sai da aka auna jini aka gane gubar dalma ce. Dutsen zinariyar da ake kawowa gida a daka a turmi, a niƙa a injin niƙan hatsi, cike yake da dalma, ƙurar ta bi tsakar gida inda yara ke rarrafe suna sa hannu a baki. Fiye da yara 400 suka rasu. Dareta, 'Yargalma, Abare, Sunke, daga baya Bagega. Na'urar awon dalma a jini da aka fara zuwa da ita iyakar abin da take nunawa 65, jinin yara da yawa ya wuce abin da take iya karantawa.

Abin da ya tsayar da mutuwar ba wani abin mamaki ba ne: aka kankare saman ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, aka fitar da niƙan dutse daga cikin gari, aka ba yara maganin da ke kama dalma a jini ya fitar da ita ta fitsari. Ni a ganina wannan ce ranar kimiyyar Zamfara. Kusufi ya zo ya wuce bai kashe kowa ba. Wannan kuwa rashin sanin abin da ke cikin dutse ne ya cika maƙabarta, kuma har gobe ana haƙar zinariya.

Uwar_Biyu
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansu, ya sa masu ceto ne.

Almajirin_Gwandu
Amin. Allah ya ba ku haƙuri Dan_Anka.

Malamin_Fiziks
Dan_Anka, ka sa na ji kunya. Ina Gusau aka yi wannan, amma da na zauna haɗa kalanda ko kaɗan bai zo mini a matsayin tarihin kimiyya ba, na ajiye shi a ɓangaren labarai. Zan nemi malamin kemistiri mu yi shi tare. Ina da ɗalibai da ke zuwa wurin haƙa lokacin hutu, na sani.

Nas_Mai_Allura
Akwai makon yaƙi da gubar dalma na duniya a ƙarshen Oktoba kowace shekara, za ka iya maimaitawa a can. A gaya musu kuma wanda ya warke ma ba lallai ya koma daidai ba, dalma na taɓa ƙwaƙwalwar yaro har girmansa. Kayan aikin da aka dawo da su daga rami kada su shiga ɗaki, a yi wanka a sauya tufa kafin a ɗauki yaro.

Bakabe_Na_Asali
Ban ƙi ba, amma kada kalandar ta zama ta makoki zalla. Yaro na son abin da zai ɗaga kai ya ce kai! Kuma ban yarda da raba tamu da ta waje ba. Maganin da ya ceci yaran Anka a waje aka haɗa shi, lissafin al-Kashinawi a Masar ya ƙare. Ilimi ba shi da ƙaramar hukuma.

Dan_Anka
Yallaɓai, ba wanda ya ce a cire ta waje. Cewa na yi yaron da ya haddace ranar Sputnik amma bai san abin da ke cikin ƙurar rigar babansa ba, an bar shi a baya.

Dalibar_Lissafi
Akwai wadda ta haɗa biyun, kuma ta dawo da mu kan kusufi. Ran 29 ga Mayu 1919 Arthur Eddington ya ɗauki hoton taurari lokacin kusufi a tsibirin Principe, nan cikin tekun Gini kudu da mu, wata tawaga kuma a Sobral ta Birazil. Suka ga hasken taurari ya ɗan lanƙwasa da ya gifta kusa da rana, kamar yadda Einstein ya lissafa a 1915. Da aka sanar a Landan a Nuwamban shekarar, sunan Einstein ya cika duniya. Duhu irin wanda Baba ya gani a bakin tasha, da shi aka gwada. Malam, a sa 11 ga Fabrairu ma, ranar mata da 'yan mata a kimiyya. A ajinmu mu shida ne kawai.

Sarkin_Shakka
Haske kuma ya lanƙwasa? Yau dai kun sa ni gaba.

Malamin_Fiziks
Ga inda nake yanzu. Maris ya cika har ya tumbatsa: lissafi da al-Kashinawi, gubar dalma, kusufi. Mayu agana da Eddington. Yuli sauka a kan wata da fai ɗin Injiniya. Agusta salula da shan inna, duk da lokacin hutu ne. Satumba na sa NigeriaSat-1, tauraron ɗan'adam na farko na ƙasar nan, da aka harba daga Rasha a 2003. Janairu da Yuni har yanzu fayau suke. Sai wata matsala da na gano yanzu da na duba kalanda: 29 ga wata Lahadi ce, ba makaranta.

Uwar_Biyu
A yi Litinin mana, wa zai kama ka? Almajirin_Gwandu ya riga ya ce ka makara da wata bakwai, kwana ɗaya ba zai ƙara komai ba. Ni zan aiko da matsami biyu. Amma Dalibar_Lissafi, tun ɗazu nake fama da mai biyar-biyar ɗin nan a bayan littafin yarana, layi uku sun ba ni 65, na huɗu 61. Ina na ɓata?

Dalibar_Lissafi
Anti, turo hoton in gani. Ina zargin kin sa 1 a kusurwa. Sa ta a tsakiyar layin sama, ki riƙa hawa sama ta dama, in kin fita ta wani gefe ki shigo ta ɗayan, in gidan da mutum ki sauko ƙasa da inda kike.

Baba_Na_Tasha
Malam, in Litinin ɗin ta tabbata a gaya mini ƙarhe nawa. Ina zuwa da kaina in ba yaran labari, in dai akwai dogon yaro a makarantar.